Alhaji Abubakar Imam da Aikin Jarida a Zamanin Yaƙin Duniya na Biyu

1.0 Gabatarwa

Duk inda aka ambaci sunan Alhaji Abubakar Imam a tsakanin malamai da ɗaliban Hausa, abin da yakan fara faɗowa a rai shi ne Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce. Wannan kuwa ba abin mamaki ba ne, domin da waɗannan littattafai ne akasarin masu ilmin boko na ƙasar Hausa suka buɗe ido. Sai dai kuma Imam ya rubuta su ne tun yana saurayi, bai ko cika shekara 30 ba. Aikin da ya ci ƙarfinsa a lokacin da hankalinsa ya nuna shi ne aikin jarida. Ya yi kimanin shekara 12 yana editan Gaskiya Ta Fi Kwabo, rabin waɗannan shekaru kuwa sun faɗo ne a cikin Yaƙin Duniya na Biyu, wato daga 1939 zuwa 1945.

Manufar wannan maƙala ita ce ta waiwayi wannan ɓangare na rayuwarsa. Za a nuna cewa an kafa jaridar ne domin biyan bukatar hukumar mulkin mallaka a lokacin da yaƙi ke ƙaratowa, kuma Imam ya yi wa hukumar wannan aiki da amana, amma a cikin yin sa ya mayar da jaridar wata kafa da talaka zai iya mayar wa hukuma da magana. Domin a ga irin mutanen da yake yi wa rubutu, za a ɗauki yankin noma na kudancin Katsina, wato ƙasashen Funtuwa da Malumfashi, a matsayin misali.

2.0 Daga Kagara zuwa Zariya

An haifi Abubakar Imam a Kagara, cikin Jihar Neja ta yau, a shekarar 1911, a gidan malamai. Katsina ce ta rene shi ta fuskar karatun boko, a ƙarƙashin kulawar yayansa, Malam Bello Kagara, mawallafin Ganɗoki. Ya shiga Kwalejin Horon Malamai ta Katsina a 1927, ya gama a 1932, sa'an nan ya kama koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina. Saboda haka ya san ƙasar Katsina sanin gida, ya kuma koyar da yaran da daga baya suka zama malaman makaranta da ma'aikatan En'e a gundumominta.

A 1933 ne Dokta R. M. East, shugaban Hukumar Fassara da ke Zariya, wadda daga baya aka mayar Hukumar Talifi, ya shirya gasar ƙaga labarai. Littattafai 5 ne suka fito daga wannan yunƙuri: Ruwan Bagaja na Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da shi East ɗin. Da East ya ga irin baiwar da Allah ya yi wa Imam, sai ya aro shi daga Katsina a 1936, ya zauna Zariya wata 6 yana rubuta Magana Jari Ce. A wannan zama ne suka fahimci juna. East ya koya masa ƙa'idojin shirya rubutu don ɗab'i, shi kuma ya nuna wa East cewa Hausar hira da ta dandali tana iya hawa takarda ba tare da ta rasa armashinta ba. Don haka da bukatar edita ta taso, ba a yi dogon nema ba.

3.0 Dalilin Kafa Jarida

Kafin Gaskiya, hukuma ta taɓa fitar da wata jarida a 1932, wadda ake bugawa da Turanci da Hausa da Larabci, ana kiranta Jaridar Nijeriya Ta Arewa. Wannan jarida ta sarakuna ce da ma'aikata, yawancin abin da ke cikinta kuwa sanarwa ce ta hukuma. Abin da ya canza lamari shi ne halin da Turai ta shiga a ƙarshen shekarun 1930. Jamus ta rasa ƙasashen da take mallaka a Afirka, irin su Kamaru da Togo, bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, Hitila kuwa ya dage a kan a mayar mata da su. A 1938, shekarar da Ingila da Faransa suka sakar masa wani yanki na ƙasar Cekosulobakiya don a zauna lafiya, sai jita-jita ta bazu cewa Nijeriya ma ana iya miƙa ta ga Jamus. Hukuma ta ga ba ta da wata hanya ta isar da magana ga jama'a sai ta bakin sarakuna da hakimai da dagatai, ga shi kuma jaridun Ikko, musamman West African Pilot da Nnamdi Azikiwe ya kafa a 1937, sun fara samun masu karatu a Sabon Gari da tashoshin jirgin ƙasa na Arewa.

A cikin wannan hali ne Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a watan Janairu na 1939, ana sayar da ita kwabo ɗaya. Sunan kansa yana nuni da aikin da aka ɗora mata, wato ta kashe ji-ta-ji-ta. Gwamnan Nijeriya a lokacin shi ne Sir Bernard Bourdillon. East ne ke shugabancin hukumar da ke buga ta, Imam kuwa shi ne editan Hausa. Kafin jaridar ta cika shekara guda, yaƙi ya ɓarke a watan Satumba.

4.0 Yadda Yaƙi Ya Iso Gida

Mai karatu na yau yana iya zaton yaƙin na Turawa ne, can nesa. Ga mutumin Lardin Katsina ba haka abin yake ba. Da Faransa ta faɗi a watan Yuni na 1940, sai ƙasashenta na Afirka ta Yamma, har da Nijar, suka bi gwamnatin Bishi wadda ta sasanta da Jamus, suka kuma zauna a haka har watan Nuwamba na 1942. Ke nan iyakar da ke tsakanin Katsina da Maraɗi, wadda fatake da dangi suka saba ƙetarawa, ta zama iyaka tsakanin ɓangarori biyu da ba sa ga maciji. A gabas kuwa Gwamnan Cadi, Félix Éboué, ya bi Janar de Gaulle tun watan Agusta na 1940, wannan ne ya ba da damar buɗe hanyar jiragen sama daga Takoradi, ta Ikko da Kano da Maiduguri, zuwa Hartum da Alƙahira. Mutanen karkara da ba su taɓa ganin jirgin sama ba suka riƙa ganin jiragen yaƙi suna ratsawa.

Ta fuskar ɗaukar soja ma Arewa ce ta daɗe tana cika rundunar Nijeriya, har Hausa ta zama harshen bariki. Sojojin Nijeriya sun yi yaƙi da Italiya a gabashin Afirka, inda suka shiga Mogadishu a watan Fabrairu na 1941, suka nausa cikin Habasha. Daga 1943 aka haɗa manyan rundunoni biyu na Afirka ta Yamma, ta 81 da ta 82, aka kai su Indiya, daga can suka shiga dazuzzukan Bama suka fuskanci Japan. A watan Janairu na 1945 rundunonin biyu suka haɗu a yaƙin Myohaung. Sarkin Katsina Usman Nagoggo, wanda ya gaji mahaifinsa Muhammadu Dikko a 1944, ya yi tattaki har can ya gana da sojojin Nijeriya.

Wanda bai tafi soja ba kuwa, yaƙi ya same shi a gona. Ƙasashen Funtuwa da Malumfashi, da Bakori da Ƙanƙara da Faskari, sun riga sun zama cibiyar noman auduga. Layin dogo da ya tashi daga Zariya ya ratsa Funtuwa ya isa Ƙaura Namoda a 1929, kamfanin auduga na Ingila, wato BCGA, ya kafa injinan gurza a Funtuwa da Malumfashi, ga kuma gonar iri a Daudawa. Garin Funtuwa, mazaunin Sarkin Maska, ya bunƙasa ne da albarkacin reluwe da auduga, ya tara akawuna da dillalai da leburori daga sassa daban-daban. Da yaƙi ya yi tsanani sai hukuma ta matsa a ƙara noman gyaɗa da auduga, kayan da ake shigowa da su kamar yadi da gishiri da kananzir suka yi wuya. Bayan Japan ta kame Malaya a farkon 1942, Ingila ta rasa babbar hanyar samun kuza, sai aka shiga ɗibar mutane daga lardunan Arewa ana kai su aikin tilas a ma'adinan Jos, har zuwa 1944. Mutane da yawa sun rasu a can saboda sanyi da cuta da ƙarancin abinci. Duk waɗannan nauye-nauye ta hannun hakimai da dagatai suke sauka a kan talaka, inda kuwa aka ba mutum ikon zaɓen wanda zai tafi da wanda zai zauna, ba a rasa zalunci da cin hanci.

Waɗannan su ne mutanen da Imam ke yi wa rubutu: uban da ɗansa ke Bama, da manomin da aka ce ya ƙara kadada, da malamin haraji da ke tsakanin umurnin Joji da kukan jama'a. Masu iya karatun boko kaɗan ne ƙwarai, amma jarida guda takan wadaci zaure guda, domin mutum ɗaya ne zai karanta da ƙarfi, sauran su saurara, su yi sharhi. Gari irin Funtuwa, da yake kan layin dogo kusa da Zariya, yana cikin wuraren da jarida ke saurin isa, daga nan kuma labarinta ya bi 'yan kasuwa zuwa ƙauyuka.

5.0 Edita Tsakanin Soja da Manomi

Imam bai taɓa sa kaki ba, amma aikin da aka ba shi na yaƙi ne. An bukaci ya bayyana wa jama'a dalilin faɗan, ya ƙarfafa musu gwiwa a lokacin da Ingila ke shan kashi, ya jawo hankalin samari ga shiga soja, ya kuma sa a ba da gudummawa ga asusun yaƙi. Don a kai ga waɗanda ba su san boko ba, an ƙara da wasu shafuka na ajami da ake kira 'Yar Gaskiya, aka kuma fitar da wata takardar labarin yaƙi mai suna Suda. A daidai wannan lokaci Malam Isa Kaita na Katsina da Malam Bello Dandago na Kano suna Ankara suna watsa labarai da Hausa ta rediyo. Ana kuma aika Gaskiya ga sojoji a bakin daga, su ma suna rubuto mata wasiƙu.

Wahalar farko da edita ya fuskanta ta harshe ce. Labarin yaƙi yana zuwa da Turanci, cike da sunayen ƙasashe da makamai da muƙamai waɗanda Bahaushe bai saba ji ba, kuma dole a mayar da shi Hausar da za a karanta a zaure a gane nan take. Wasu kalmomin bariki, irin su soja da kofur da saje da samanja da kyaftin, sun riga sun shiga bakin mutane tun zuwan Turawa, aikin jarida a nan shi ne ta daidaita yadda ake rubuta su. Wasu abubuwan kuwa sai an siffanta su da kalmomin gida, ko a ari sunan a lanƙwasa shi ya bi tsarin sautin Hausa. Haka kuma jaridar ta taimaka ainun wajen zaunar da haruffa masu ƙugiya, wato ɓ da ɗ da ƙ, waɗanda a shekarun 1930 ne aka tsayar da su a rubutun boko. Abin da ake kira Hausar Gaskiya a nan ya samo asali: jimla mai sauƙin bi da kunne, da karin magana a inda hujja ke bukatar turke, da raha a inda magana ta yi nauyi. Wanda ya lura zai ga dabarun mai ba da labari ne Imam ya ɗauko daga Magana Jari Ce ya ɗora wa labarin duniya.

Wahala ta biyu ta fi wannan girma, ita ce ta amana. Jaridar da aka ce ta fi kwabo saboda gaskiyarta, in ta zama kakakin hukuma kawai, ba za a daɗe ba jama'a za su sa ta cikin jerin shelar Sarki. Imam ya gane cewa ba za a yarda da abin da ya faɗa game da Hitila ba sai an ga yana iya faɗar gaskiya game da abin da ke faruwa a ƙofar gida. Saboda haka ya ba wasiƙun masu karatu muhimmanci, ya kuma yi amfani da sharhin edita wajen taɓo cin hanci, da zaluncin wasu masu riƙe da sarauta, da koma bayan ilmi. Yakan yi haka cikin ladabi da zaurance, yana kauce wa fito-na-fito, domin ya san a ƙarƙashin wa yake aiki, ya kuma san dokokin lokacin yaƙi ba sa ɗaukar wargi. Duk da haka abin sabo ne a ƙasar Hausa. A da talaka yakan kai kuka ne ta hannun dagaci, ko ya ji mawaƙi ko malami ya yi habaici a madadinsa. Yanzu ga takarda da kowa zai iya aika wa wasiƙa, a buga, a karanta daga Sakkwato har Yola.

6.0 Tafiyar Ingila ta 1943

A 1943, yaƙi na tsakiyar ci, aka gayyaci 'yan jarida 8 daga ƙasashen Afirka ta Yamma da ke ƙarƙashin Ingila su ziyarci ƙasar. Imam ne ya wakilci Arewa, kuma labarin wannan tafiya ne ya rubuta a Tafiya Mabuɗin Ilmi. A can Azikiwe ya shirya wata takarda wadda ta kafa hujja da Yarjejeniyar Atilantika ta 1941, tana neman a sa wa'adin ba ƙasashen nan mulkin kai. Imam ya ƙi sa hannu. An daɗe ana kawo wannan a matsayin shaidar cewa shi ɗan amshin shatan Turawa ne. Amma wanda ya tsaya nan bai kai ƙarshen labari ba.

A wannan tafiya ce Imam ya gana da Lord Lugard, wanda ya kafa tsarin mulki ta hannun sarakuna a Arewa, ya kuma biyo bayan ganawar da dogayen wasiƙu. A cikinsu ya bayyana wa Lugard illolin da tsarin nasa ya haifar: jami'an Turawa ba sa jin kowa sai Sarki, talaka ba shi da wurin kai ƙara, samari masu ilmi kuwa an mayar da su saniyar ware. Wasiƙun suna cikin littafin tarihin rayuwarsa wanda Alhaji Abdurrahman Mora ya shirya, aka buga a 1989. Idan aka haɗa ƙin sa hannun da waɗannan wasiƙu, matsayinsa yakan fito fili. A ganinsa, in aka yi gaggawar miƙa mulki alhali Arewa ba ta da ma'aikata masu ilmin zamani, kuma ba a gyara En'e ba, to talakan Arewa zai canza ubangida ne kurum. Ana iya saɓa masa a kan wannan ra'ayi, kamar yadda Malam Sa'adu Zungur da Malam Aminu Kano suka ɗauki hanya mafi zafi daga baya. Abin da ba za a musa ba shi ne, hujjojinsa daga teburin edita ya tattaro su, daga koke-koken da wasiƙu ke kawo masa daga garuruwa da gundumomi.

7.0 Bayan Yaƙi

Da yaƙi ya ƙare a 1945, aka kafa Kamfanin Gaskiya a Tukur-Tukur, Zariya, jaridar ta sami gidanta da injinanta, a 1948 kuma aka yi mata ƙanwa ta Turanci, Nigerian Citizen. Sojoji suka komo gida, Sa'adu Zungur ya yi musu waƙar Maraba da Soja. 'Yan mazan jiya sun dawo da abin da ba su tafi da shi ba: wasu sun koyi tuƙi da kanikanci, wasu karatu da rubutu, dukkansu kuwa sun ga duniya, sun ga Bature yana gudu yana mutuwa kamar kowa. Waɗannan, tare da malaman makaranta da akawuna, su ne suka faɗaɗa da'irar masu karanta jarida da masu rubuta mata.

Ba a daɗe ba muhawarar da ake yi a shafukan Gaskiya ta koma zauren taro. Imam yana cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa, wadda ta yi babban taronta na farko a Kaduna a 1949 a ƙarƙashin Dokta R. A. B. Dikko. A 1950 Abubakar Tafawa Ɓalewa ya kawo ƙudurinsa na neman a gyara tsarin En'e a Majalisar Arewa, koke-koken da ya zayyana kuwa dangin waɗanda Imam ya rubuta wa Lugard ne shekara 7 kafin nan. A 1951 aka zaɓi Imam ɗan majalisa. Daga baya ya yi aiki da Hukumar NORLA, wadda ta fitar da ƙananan jaridu na larduna don tallafa wa Yaƙi da Jahilci, ciki har da Himma ta Lardin Katsina. Ya kuma shugabanci Hukumar Ɗaukar Ma'aikata ta Jihar Arewa, a ƙarshen rayuwarsa ta aiki kuma ya riƙe ofishin sauraron koke-koken jama'a a Kaduna, aikin da ya yi kama da wanda ya fara a teburin edita. Ya rasu a Zariya ranar 19 ga Yuni, 1981.

Irin da ya shuka ya tsiro har a yankin da aka kawo misali da shi. Alhaji Isma'ila Isa Funtuwa, wanda aka haifa a 1942, a tsakiyar yaƙin, ya zama mai jaridar The Democrat a Kaduna, ya kuma shugabanci ƙungiyar masu gidajen jaridu ta Nijeriya kafin rasuwarsa a 2020.

8.0 Kammalawa

An nuna a wannan maƙala cewa Gaskiya Ta Fi Kwabo 'yar yaƙi ce, domin tsoron yaƙi ne ya haife ta, yaƙi kuma ya rene ta. Hukuma ta nemi makamin farfaganda, ta samu. Amma mutumin da ta damƙa wa makamin ya fahimci cewa ba a sayen amanar mai karatu da labarin nesa kaɗai, don haka ya buɗe ƙofa ga kukan gida. Daga wannan ne aka sami abubuwa biyu da suka daɗe bayan yaƙin: salon zube na Hausa wanda ke iya ɗaukar labarin duniya da muhawarar siyasa, da kuma al'adar rubuta wa jarida don a ji ra'ayin mutum.

Akwai aiki a gaban manazarta. An yi digirori masu yawa a kan ƙagaggun labaran Imam, alhali sharhunansa na jarida da wasiƙun da sojoji da ma'aikatan gundumomi suka aiko masa suna kwance a tsofaffin kofe, a wurare irin su Gidan Arewa da Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna. Takardar zamanin yaƙi ba mai ƙarko ba ce, 'yan mazan jiya kuwa kusan duk sun riga mu gidan gaskiya. Ya kamata sassan Hausa da na Tarihi a jami'o'inmu su haɗa hannu su ɗauki hoton waɗannan kofe, a tsara wasiƙun lardi-lardi da shekara-shekara, a buga su da sharhi. Ɗalibin da ya ɗauki na Lardin Katsina kaɗai, daga 1939 zuwa 1945, zai sami abin rubuta kundi, zai kuma ji yadda mutanen wancan zamani suka faɗi damuwarsu da bakinsu.